Za mu baje kolin zane a wani ƙaramin galari a Yaba, ta ina ake farawa?

Ɗan Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Wani ƙaramin galari, wato ɗakin nuna zane da sayar da shi, a unguwar Yaba da ke Legas ya yarda ya ba mu ɗakinsa na mako uku, mu baje ayyukan wasu matasa uku daga Zariya da Kano. Ɗaki ɗaya ne, tsawo mita 9, faɗi mita 5, rufi wajen mita 3 daga ƙasa, ƙofa ɗaya, taga biyu a bangon da ke kallon titi. Ayyukan 26 ne: na fentin mai a kan kanbas guda 9, akrilik 5, zanen gawayi da tawada a takarda 6, alluna masu zayyana 4, sai yadi biyu rinin shuni da aka yi wa ɗinkin hannu. Mai galarin ya ce mu zaɓa, ko Yuni ko Nuwamba, kuma zai ɗauki kashi 40 cikin ɗari na duk abin da aka sayar. Wane wata ya fi? Kashi 40 ɗin bai yi yawa ba? Sannan yaya za a kawo kayan daga Arewa a rataya su ba tare da sun lalace ba? Allah ya saka da alheri.

Mai Firam

Wa alaikumus salam, Malam. Zancen kuɗi na bar wa masu shi, ni zan tsaya a kan kaya da bango.

Tun kafin komai, 26 sun yi wa ɗakin nan yawa. Kewayen bangonka mita 28 ne, ka cire ƙofa da tagogi, abin da ya rage bai wuce mita 24 ba. Idan kanbas ɗinku na santimita 90 zuwa 120 ne, kuma kana son ratar aƙalla santimita 60 tsakanin aiki da aiki, to 13 zuwa 16 ne za su zauna lafiya. Sauran a jingine su a ɗakin ajiya, a kan katako ba a kan siminti ba, a fito da su idan mai saye ya nemi ƙari.

Babban abokin gabarku danshi ne. A Kano lokacin hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, a Legas kuwa cikin Yuni da Yuli yana haura 80. Aikin da aka yi a can idan ya iso nan sai ya sha ruwa daga iska: kanbas ya saki ya yi tumbi, katakon da aka ɗaure shi a kai ya murɗe, takarda ta yi tudu da kwari. Hunhuna kuma tana fara kamawa da zarar danshi ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 a wurin da iska ba ta motsi, kuma daga bayan aikin take farawa, inda ba mai dubawa. Don haka kayan su iso kwana 10 kafin buɗewa, a bar su a ƙunshe kwana ɗaya ko biyu a cikin ɗakin, sannan a buɗe. Kanbas ɗin da ya saki kada a yi saurin buga masa ƴan katakon kusurwa don ya miƙe. A bari ya saba da ɗakin tukuna, domin idan aka ɗaure shi tamau yana da laima, ranar da ya koma wuri busasshe fentin zai iya tsagewa daga kusurwa.

Wajen ɗaukowa, hanyar Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ce, kuma ɗan lodi bai san bambancin zane da buhun albasa ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a cire kanbas daga katakonsa a naɗe, a sake ɗaurawa a nan. A naɗe a jikin bututun roba mai faɗin inci 6, fuskar fenti tana waje. Idan fentin na ciki, naɗin yana matse shi, ana warwarewa sai ya tsattsage. Wanda aka lafta masa fenti da kauri ba a naɗe shi ko kaɗan, sai dai kafinta ya yi masa akwatin filawud da soso a kusurwoyi, ya yi tafiyar a tsaye. Na fentin mai da bai yi wata biyu ko uku da gamawa ba, ku bar shi a gida, samansa ne kawai ya bushe. Akrilik kuma yana laushi da zafi, duk abin da ya taɓa fuskarsa zai manne. Ledar nan mai ƙurajen iska idan ta kwanta a kansa tana barin tambarinta har abada. Takarda mai santsi ta fara rufe fuskar, sai kwali, sannan leda daga waje.

Ayyukan takarda a kawo su a kwance tsakanin kwali biyu masu kauri, a yi musu firam a nan Legas, ba amfanin ɗauko gilashi daga Kano. Ka tsaya a kan mai firam ɗin ya yi abu uku. Ya sa kwalin gefe mai taga tsakanin takarda da gilashi, don kada su haɗu, in sun haɗu raɓa za ta manne su. Ya riƙe takardar daga sama kawai, a wuri biyu, ya bar ƙasan yana lilo don ta samu wurin miƙewa da tsukewa, kuma ban da salatif, yana barin tabo ruwan ƙasa cikin shekara ɗaya ko biyu. Na gawayi kuma gilashi na gaske za a sa, mai kaurin milimita 2 ko 3, ba na roba ba, domin na roba idan aka goge shi yana jan ƙurar gawayin ta baro takarda ta manne masa.

Bango: a yi fenti mako guda kafin rataya. Fentin ruwa marar sheƙi, shafi biyu. Murabba'in mita 84 ne, lita ɗaya tana cin wajen mita 10 a shafi ɗaya, ke nan bokiti ɗaya mai lita 20 ya isa. Bangon da ke kallon titi shi ne mai shan ruwan sama, kada takarda ko yadi su hau shi.

Tsakiyar kowane aiki ta zauna a santimita 150 daga ƙasa, ba samansa ake daidaitawa ba, tsakiya ake daidaitawa. Lissafin: 150, ka ƙara rabin tsayin aikin, ka cire nisan da ke tsakanin saman firam da marataya. Aiki mai tsayin 90 wanda maratayarsa ke santimita 20 daga sama: 150 da 45, a cire 20, ramin yana 175. Marataya biyu, hagu da dama, ka duba da lebur. Igiya ɗaya a ƙusa ɗaya kullum sai ta karkace. Bulon Legas mai rami ne kuma yashi ya fi siminti yawa a yawancinsa, ƙusar kankare tana farfasa filasta ne kawai. Ka huda da injin huda bango, ka sa fisha, ƴar robar nan da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, mai milimita 6, in aikin ya haura kilo 10 ka koma mai 8. Kada ka huda a saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, nan bututun waya yake bi. A bayan kowane firam, kusurwoyin ƙasa biyu, a manna ɗan guntun roba mai kaurin santimita ɗaya don iska ta riƙa ratsawa.

Yadin shunin a ɗinka masa aljihu a baya ta sama, a zura sanda, a rataya shi santimita 5 daga bango. Shuni yana zuba, idan ya goga a farin bango sai an sake fenti.

Hajiyar Obalende

Ɗan'uwa, kashi 40 ba zalunci ba ne. Abin da aka saba ji a garin nan tsakanin 30 ne da 50. Tambayar ita ce me kashi 40 ɗin ya ƙunsa. Idan shi zai biya wuta da man janareta, da mai zama a ɗakin kullum, da katin gayyata, da abin sha ranar buɗewa, kuma zai kira masu sayensa da bakinsa, to ya ci halak ɗinsa. Idan ɗaki kawai zai buɗe muku ku yi sauran, wannan haya ce, sai a yi maganar kuɗin haya a bar maganar kamasho, ko kamashon ya sauko sosai.

Ku rubuta, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Takardar ta ƙunshi jerin ayyukan ɗaya bayan ɗaya da hoto, suna, girma, abin da aka yi aikin da shi, shekara da farashi, da halin da aikin yake ranar da aka miƙa shi, har ɗan ƙarcen da ke gefe a rubuta. Ta faɗi wa ke biyan firam, kuma in an sayar, ana cire kuɗin firam kafin raba kuɗi ko bayan an raba. Ta faɗi ragin da mai galari zai iya yi ba tare da ya kira ku ba, yawanci kashi 10, da ko ragin na kansa ne shi kaɗai ko na kowa. Ta faɗi kwana nawa bayan mai saye ya biya kuɗinku zai shigo, 14 ko 30. A nan ne rigima ta fi tashi: an sayar, an kai aiki gidan mai saye, mai zane yana Zariya yana ta kira ana ce masa ba a gama biya ba. Maganinta layi ɗaya ne, cewa aiki ba ya barin ɗakin sai kuɗi sun cika. Sannan wa ke da alhaki idan rufi ya yi yoyo ko aka ture wani abu. Ƙananan galari da yawa ba su da inshora, gara ku sani tun yanzu.

Wajen sa farashi mutane suna yin wani kuskure na lissafi. Mai zane yana son naira 300,000 ta shiga aljihunsa, sai ya ƙara kashi 40 a kai ya rubuta 420,000. In an cire kashi 40 na 420,000, abin da ya rage masa 252,000 ne. Daidai shi ne a raba 300,000 da 0.6, farashin galari ya zama 500,000. Ku kuma tambaya ko harajin kayan masarufi na kashi 7.5 yana cikin farashin ko a kai za a ɗora. Kuma farashin da ke galari shi ne farashin da ke Instagram ɗin mai zanen. Masu tara zane a Legas ba su da yawa, sun san juna, idan ɗaya ya gano ana sayar da irin aikin rabin kuɗi ta bayan fage, shi ke nan an rufe wa yaron ƙofa, galarin ma ba zai sake kiransa ba.

Jan ɗigon da ake mannawa a gefen aiki alamar an saya, kada a manna shi don wani ya ce "ajiye min". Sai ya ba da kafin alƙalami, rabi ya fi. Kowane aiki ya tafi da takardar shaida mai hoto da sa hannun mai zanen. Kuma a gaya wa yaran, wanda ya sayi zane bai sayi haƙƙin buga shi a riga ko kalanda ba, wannan haƙƙin yana wurin mai zane sai in ya sayar da shi a rubuce.

Batun wata, ni Nuwamba zan ce. Yuni ruwa ne, wasu titunan Yaba suna cika, kuma mutumin Ikoyi ba zai hau gadar Third Mainland cikin ruwan sama don ya ga sabon suna ba. Ga shi ƴan shekarun nan babbar sallah tana faɗowa tsakanin ƙarshen Mayu da Yuni, namu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ko sun tafi gida ko hankalinsu na kan raguna. Nuwamba kuwa lokacin Art X Lagos ne, babban taron baje kolin zane da sayar da shi, wanda Tokini Peterside ta fara a 2016, ana yin sa a farkon watan a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island. Masu saye daga waje suna gari.

Malamin Zane

Hajiya, Allah ya ƙara girma, na yarda da Nuwamba amma ban yarda da makon Art X ba. A makon nan kusan kowane babban galari na Ikoyi da Victoria Island yana buɗe nasa, wani dare biki uku ko huɗu, kuma baƙin ba sa tsallaka ruwa. Ɗaki ɗaya a Yaba zai ɓace a cikin hayaniyar. Ko ku buɗe mako guda kafin, yadda kolin zai kasance a buɗe lokacin da baƙi ke gari kuma kun riga kun sami hotuna da ƴan rubuce-rubuce da za a tura musu, ko ku bari sai tsakiyar wata. Kuma kada ku raina Yaba. Kwalejin Yabatech tana nan, jami'ar Legas tana Akoka, cibiyar fasahar zamani ta CCA da marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007 a Sabo take. Ɗalibai da malamai ba su cika saye ba, amma su ne ke cika ɗaki ranar Talata da rana, su ne kuma ke yaɗa magana. Ku ware Asabar ta biyu masu zanen su zauna su yi bayanin aikinsu, ku aika wa sassan zane na makarantun nan takarda.

Sunan Zariya yana da nauyi a wurin masu saye na nan saboda ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, wanda daga baya ya daɗe yana jagorantar sashen zane a Yabatech. A ambata a takardar bango cikin layi ɗaya ya isa. In kuka cika jingina da shi, za a auna yaran da ma'aunin da ba nasu ba.

Haske. Ƙwan LED, dukkansu launi ɗaya, mai lambar 3000K ko 3500K, wato fari mai ɗan ruwan ɗorawa, kuma ku duba kwalin, lambar CRI, wadda ke nuna yadda ƙwan yake fito da ainihin launi, ta kai 90. Masu arha na kasuwa suna mayar da ja ya koma kamar ƙasa, shuni ya koma toka-toka. Idan za ku saya a kasuwar Alaba, ku sa a kunna muku duka a jere a shagon, domin kwali ɗaya kan fito da launi biyu. Hasken ya sauka a kan aiki da karkatar digiri 30: a rufi mai mita 3, fitilar ta zauna wajen santimita 85 zuwa 90 daga bango. In ta matso, firam zai jefa inuwa a saman zanen. In ta yi nisa, mai kallo zai ga ƙyalli a gilashi da inuwar kansa. Takarda da yadi ba sa son haske ya wuce 50 a ma'aunin ƙarfin haske da ake kira lux, fentin mai yana ɗaukar 150 zuwa 200. Manhajar waya ba ta auna daidai, amma za ta nuna maka wane bango ya fi wani. Tagogin nan biyu a toshe su da filawud a yi masa fenti, kun huta da rana kuma kun ƙara bango. Fitila 18 masu wat 10 wat 180 ne kacal, ƙaramar inbata za ta riƙe su, kada ɗaki ya yi duhu ana tsakiyar jawabi kafin a tayar da janareta. Shi kuma janaretan ya yi nesa da ƙofa, hayaƙinsa yana kwanciya a kan kanbas.

Na ƙara a kan maganar Malam Mai Firam: esi da ake kunnawa da safe a kashe da yamma ya fi rashinsa illa. Gilashi da bango sun yi sanyi, an kashe, iska mai laima ta shigo, sai raɓa ta kwanta. Gara sanyi kaɗan wanda bai yankewa, ko fanka da na'urar tsotse danshi, a riƙa zubar da ruwanta safe da yamma. Ku sayi ɗan agogon auna danshi ku ajiye a ɗakin, in kun riƙe shi tsakanin 55 da 65 a Legas kun yi ƙoƙari.

Allunan su ne suka fi damuna. Tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa yana narkar da ita, shi ya sa ake wanke allo. Yatsa mai gumi ɗaya ya isa ya ja layi a kan zayyana, kuma mutane suna son taɓa allo. Ko a sa su cikin akwati mai fuskar gilashi, ko a ɗora su a kan ɗan kanta a bango a ja igiya a gabansu. Kada a huda allo, kada a fesa masa komai ba da izinin mai shi ba, kada iskar esi ta riƙa dukansa kai tsaye, zai tsage. Sannan in akwai ayoyi a jikinsu, ku yi magana da mai galarin tun yanzu, cikin mutunci. An saba raba giya a bikin buɗe koli a garin nan. Ku ce zoɓo da kunun aya da lemo za a raba, ko kuma a yi shaye-shayen a waje. Masu rataya su san ba a ajiye su a ƙasa ko a tsallaka su. Kuma ku yanke shawara da masu zanen ko na sayarwa ne, domin ba ku san inda mai saye zai rataya su ba. Wasu masu zanen suna kawo zayyanar zalla ba rubutu saboda wannan.

Bikin buɗewa Asabar ko Lahadi, daga ƙarfe 3 zuwa 6, a gama jawabi kafin magariba. Ranar aiki da yamma cunkoso zai cinye muku rabin baƙi.

Ɗan Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun tsaya a kan ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ayyuka 18. Biyu daga cikin allunan akwai ayoyi, zan yi magana da mai su. Saura abu biyu: takardun bayanin da ake mannawa a gefen aiki, da kuma idan wani baƙo ya saya zai fita da shi waje, akwai wata takarda?

Hajiyar Obalende

Akwai. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke ba da takardar izinin fita da aikin fasaha, wadda ke nuna ba kayan tarihi ba ne. A Legas ana neman ta a gidan tarihi na Onikan. A je da aikin ko hotunansa, da rasit, da takardar shaidar mai zane. Alluna da yadin rini su suka fi jawo tambaya a filin jirgi saboda suna kama da tsofaffin kaya, don haka kada a bari sai ranar tafiya, a ba shi kwanaki. A rubuta a rasit wa zai biya kuɗin takardar da na aikawa.

Takardun gefe kuma a buga su a Shomolu, unguwar masu buga takardu, tare da katin gayyata, a kan kwali mai kauri, girman santimita 10 da 6 ya isa. Sunan mai zane, sunan aiki, shekara, kayan aiki, girma, tsayi kafin faɗi. Hausa da Turanci duka, kuma ka karanta da idonka kafin su buga da yawa, domin injinansu kan mayar da ƙ da ɗ da ɓ su zama akwati ko alamar tambaya. Ka tura musu a PDF, ba a Word ba. A manna su a dama da aikin, duka a tsayi ɗaya, wajen santimita 130 daga ƙasa. Farashi kada ya hau bango, a buga shi a takarda daban mai lambobi, kwafi 20, a ajiye a tebur kusa da littafin da baƙi ke rubuta suna da lambar waya.